Tukwane Huɗu a Maƙerar Baba

Wanda ya ba mu Baba ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa a bayan ganuwa. Ni ce 'yarsa ta fari. Kwana bakwai na yi a ɗakin Gwaggo, ƙanwarsa wadda ta raine ni, ina karɓar gaisuwar mata, ta maza kuwa ina jiyo ta daga zaure.

Maharba ne suka fi cika ƙofar gida. Na kusa sun samu jana'iza. Na cikin daji sai washegari da jibi suka riƙa ɓullowa, wasu ta hanyar Damari, wasu ta Kazage, ƙafafu duk ƙaya. Duk mai bindiga a cikinsu ba ya shiga zaure da ita. Sai ya ratse ta maƙera ya jingine ta a bango, daidai inda ya saba jingine ta in ya kawo gyara, sannan ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ba wanda ya ce su yi haka. Ranar sadakar uku na leƙa na ga bangon. Ban taɓa sanin ƙasar Birnin Gwari tana da bindigogi haka ba.

Wata tsohuwa Bagwariya ta shigo da kwandon doya a kafaɗa, ta sauke a gaban Gwaggo, ta yi doguwar magana da harshensu tana share ido. Gwaggo tana jin harshen kaɗan-kaɗan. Ta ce mana cewa take yi, mijinta ya daɗe da rasuwa, amma fartanyar da Baba ya ƙera masa tana nan, ba ta taɓa fita daga ƙotarta ba.

Gwaggo ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da mata suka dame ta da cewa Allah Ya jiƙan mai haƙuri, sai ta ce, "Ku roƙa masa rahama, amma ku bar maganar haƙuri. Ciki ɗaya muka fito da shi. Taurin kai gare shi, Allah ne Ya sa taurin ya faɗa kan abin kirki."

Baffa, yayan Baba, shi ma maƙeri ne, sai dai idonsa ya daɗe da tafiya. Riƙo hannunsa aka yi aka kawo shi. Bai yarda a zaunar da shi a zaure ba, ya ce a kai shi maƙera tukuna. Rabonsa da shiga wurin ya fi shekara ashirin. Ya lalubi bango har hannunsa ya kai kan wasu ƙananan tukwane huɗu da ke jere a kan dakali, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce da ƙanena, wanda ya gaji maƙerar, "Kada ka bari mata su ɗauke su su zuba daddawa. Ubanka ya fi ni aikin nan. Na sani tun muna da ƙarfinmu, faɗa masa ne ban yi ba."

Saboda tukwanen nan nake wannan magana. Kowa yana yabon fartanyarsa da gatarinsa, kuma gaskiya suke faɗa. Amma abin da shi kansa yake taƙama da shi yana cikin tukwanen. Ƙanena ya iya aikin a hannu, sai dai bakinsa na da nauyi, in an bar shi ba zai taɓa ba da labarin ba. Ni a gidan na tashi, na ji abin da na ji, kuma ba na son ya bi Baba ƙasa.

Gidanmu gidan ƙira ne tun kakanni: fartanya, lauje, kan kibiya, ƙarfen ƙofa. Bindiga baƙuwa ce. Fatake masu bin hanyar Nufe suke shigo da ita ɗai-ɗai, kuma yawancinta ta tsufa kafin ta iso mana. A jikinta akwai abin da maƙeranmu ba su saba da shi ba, wato ƙusar da ba a buga ta, murɗa ta ake yi. Jikinta da zane kamar an nannaɗe zare a tsinke. Ita ke ratsa itacen bindigar ta riƙe farantin ƙarfen da ke ɗauke da kunama da dutsen da ke ba da wuta. In ramin da take shiga ya cinye, sai an samo ɗan zoben ƙarfe mai irin zanenta a ciki, a murɗa shi a bakinta ya kama. Rani uku Baba ya yi kafin ya iya ƙera zoben nan. Yakan gasa ƙarfe ya yi jawur, ya murɗa taurarriyar ƙusa a ciki har ta bar zanenta. Gwaggo ta ce gawayin ƙiryar da ya ƙone a kan wannan ya isa a ƙera wa unguwa guda fartanya.

Da ya iya, sai ya tarar da wata damuwar. Abin da aka murɗa ya shiga, da kansa yake murɗewa ya fito. Kowane harbi yana girgiza shi, kowace tafiya a kafaɗa tana girgiza shi. Zoben yana ja da baya kaɗan-kaɗan ba wanda ya taɓa shi, maharbi bai sani ba, sai ranar da ya ja kunama dutse ya kauce. A dajinmu kuwa, ranar da dutse ya kauce ba lalle ne mutum ya dawo ya ba da labari ba.

Daga nan ya samo ɗabi'ar da kowa ya san shi da ita. Duk abin da aka miƙa wa Baba sai ya kai shi kunne ya girgiza. Bindiga, wuƙa, ludayin Gwaggo. Wata rana liman ya zo ɗaurin aure gidanmu ya jingine sandarsa mai ƙarfe a gindi. Ana cikin addu'a Baba ya miƙa hannu a hankali ya ɗauke ta ya girgiza. Da aka shafa, ya ce, "Malam, bar mini ita zuwa azahar, tana magana."

Ya ce hanyoyin hana zobe warwarewa suna da yawa, amma in ka bi su da kyau gida-gida ne, kamar dangi. Shi ya sa ya ajiye tukwanen, kowace da irin abin da ke cikinta, don ya nuna wa mai bindiga da ido. Tukunyar farko ta masu matsi ce. A ciki akwai 'yan faya-fayan fata da ake sa wa a ƙarƙashin zobe, da zobba biyu-biyu da ake ɗora ɗaya a kan ɗaya su danne juna. Kafin ya sa wa mutum fata sai ya tambaye shi wane lokaci zai shiga daji. "In damina ce za ta kumbura ta riƙe maka. In rani ne za ta bushe ta sake ka, ba za ta yi maka sallama ba. Waɗannan da ƙarfinsu suke riƙo, saboda haka ka riƙa taɓa su kowace safiya."

Tukunya ta biyu ita ce 'yar gabansa. Masu tare hanya yake ce musu. Yakan huda bakin ƙusar bayan zobe ya zauna, ya zura siririn tsinken ƙarfe ko zaren tagulla ya lanƙwashe. Wani lokaci kuma ya sa ɗan fallen ƙarfe mai harshe a ƙasa, ya ɗaga harshen ya jingina da gefen zoben. "Wannan ba ruwansa da ƙarfi," in ji shi. "Ko zoben ya so juyawa, ba ta inda zai bi. In kuma kai ne kake son buɗewa, zare tsinken kawai." In yana bayanin wannan tukunyar har fuskarsa takan canza. Ta uku kuwa da ƙyar yake buɗe ta. Ƙaro ne da ake narkawa da toka a shafa a zanen. Maganin mai gaggawa yake ce masa, domin da bindiga ta yi zafi sau biyu ya gama aiki.

A tukunya ta huɗu ƙusa ɗaya ce tak, an daddake bakinta da masaba har ya baje a kan zobe. Wannan kisa yake kiransa. Ba ya warwarewa har abada, kuma ba ya buɗuwa. Bai taɓa cewa ba shi da amfani ba. Da shi yake ɗaure wuƙa da ƙotarta, da shi yake ɗaure ƙarfen ƙofa. Abin da ya ƙi shi ne a yi wa bindiga, domin bindiga tana da ciki, kuma wata rana dole a so ganin cikin.

A kan wannan ƙusar guda suka rabu da Baffa. Da, maƙera ɗaya suke, zuga-zugi ɗaya. Baffa ya ga ƙanensa yana ɓata yini a kan huda ɗan rami, ga manoma na jiran fartanya.

"Ƙarfe in kana so ya zauna, dake shi," in ji Baffa. "Haka ubanmu ya yi, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba."

Baba ya ce, "Ubanmu bai taɓa ganin cikin bindiga ba, Yaya."

Gaskiya ya faɗa, amma a gaban mutane ya faɗa, kuma Baffa ya ɗauke ta a matsayin raini ga mahaifinsu. Kafin sati ya kewayo ya ɗauke uwar maƙerarsa, ƙarfen da yake dukan aiki a kansa, ya koma can ƙarshen unguwa. Ba su daina gaisawa ba. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, suna da biki duk tare ake ganinsu. Amma ba wanda ya ƙara taka maƙerar wani.

Ni kuwa, da yake 'yar fari ce, Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ko ina tsaye a gabansa sai ya dubi wani ya ce, "Ku gaya wa 'yar Gwaggo ta kawo ruwa." Haka al'ada take, ban taɓa jin zafinta ba. Na yi aure a cikin gari, kusa da ƙofar yamma. Maigidana maharbi ne, ɗaya daga cikin masu kawo wa Baba gyara, kuma tun da ya zama surukinsa ya daina iya haɗa ido da shi.

A shekara ta huɗu da aurenmu wata ɓauna ta addabi gonakin Kazage. Wani ne ya harbe ta da kibiya ba ta mutu ba, ta rabu da garkenta, ta koma tsare mutane a bakin rafi. Ta soke manomi guda, mata suka daina zuwa ɗiban ruwa. Maharba suka shirya bin ta, su shida, biyar da baka, maigidana kaɗai ke da bindiga. Ya ji zobenta ya yi sako-sako, ya kai wa Baba don a ɗaure. Baba ya girgiza ta, ya buɗe, ya daɗe yana kallon ciki, ya mayar da komai wurinsa kamar yadda ya saba don kada ƙananan su ɓace. Ya ce, "Bar ta."

Kwana ɗaya, biyu, har biyar. Kullum da safe maigidana zai je ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna shiru, domin suruki ba ya ce wa surukinsa yaushe. Baba zai ce, "Ba ta yi ba tukuna," ya ci gaba da aikinsa. Abokan tafiya suna jira, daga Kazage ana ta aiko da mutane. Ranar ta shida Baba ya tafi wurin masu narka tama, zai kwana can. Maigidana ya shiga maƙera ya ga bindigarsa a jingine, a haɗe, ba abin da ya ga ya rage sai ɗaurewa. Ya ɗauke ta ya kai wa Baffa. Baffa ya tambaye shi ko ƙanensa ya gama da ita, ya ce ɗauri kawai ya rage. Baffa ya murɗa zoben, ya sa masaba ya ba shi huɗu.

Da ya zo ɗaukar guzuri ya ce mini, "Kada ki faɗa wa Baba sai na dawo. Ni zan je in ba shi haƙuri da kaina."

Na ce to. Amma na kwana da abin a raina. Na san Baba ba ya riƙe aikin mutum kwana biyar don wasa. Gari na wayewa na yafa zane na nufi gida.

Na same shi ya dawo tun da asuba, yana tsoma wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a ruwa. Ɗan baka yake kiransa, domin shi ne a cikin bindiga yake ja ya saki kamar bakan maharbi, shi ke buga dutse. Na durƙusa a bakin ƙofa na fara ce da ƙanena, "Ka gaya wa Baba..."

Baba ya juyo ya dube ni. "Ke nake tambaya. Ina bindigar?"

"Ya ɗauka, Baba."

"Wa ya ɗaure masa?"

"Baffa."

"Da masaba?"

"Na ji ya ce an dake ta."

Ya dubi ƙarfen da ke hannunsa yana ɗigar da ruwa. Sannan ya ce, "Ta wace ƙofa suka fita, kuma yaushe?"

Sai a lokacin muka san abin da ya gani. Ɗan bakan da ke cikin bindigar ya tsage, tsaga siririya kamar gashi. Kwana biyar ɗin nan sabo yake ƙerawa. Biyu sun karye masa wajen gwaji, shi ya sa ya tafi neman ƙarfe mai kyau, wannan na hannunsa shi ne na uku. Yanzu ga tsagaggen a rufe a ciki, an kashe ƙusa a kansa, ko maigidana ya ji alamar wani abu ba shi da hanyar buɗewa.

Ya zuba sabon ɗan bakan da magagari da ƙaramin awartaki da sabuwar ƙusa da zobe da tsinke a jakar fata. Ya haura sittin a lokacin. Shekarar kuma mahara suna yawan kama mutane a bakin daji, ko gona ba a zuwa sai an yi ayari. Gwaggo ta tare ƙofar zaure.

"Yaya, ga ɗanka nan, ƙafarsa ta fi taka. Ba shi ya kai."

"Bai taɓa yanke kan da aka dake ba tare da ya ci itacen ba. In ya fasa itacen, an yi biyu babu."

"To ku tafi tare."

"In an kama mu tare, wa zai hura wutar nan?" Ya ɗauki sandarsa. "Matsa mini, rana na yi."

Sauran labarin daga bakin maigidana na ji shi, da bakin waɗanda suke tare. Kwana biyu Baba ya yi a hanya. Wani Bafulatani da ke kiwo a gefen dajin ya ba shi nono, ya nuna masa inda ya ga hayaƙin maharba. Ranar ta uku da hantsi suna zaune a gindin gora a bakin rafi, sun gano sawun ɓaunar suna shirin bi, sai ga tsoho ya fito daga cikin ciyawa, riga duk ta yage, ƙafafu sun kumbura har sun fi ƙarfin takalmi. Maigidana ya ce da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

Baba bai yi faɗa ba. Ya gaisa da kowa, ya sha ruwa, ya samu dutse ya zauna, ya miƙa hannu. Aka ba shi bindigar. Daga hantsi har azahar yana gogar kan ƙusar da magagari, a hankali, yana hure garin ƙarfen don ya ga inda itace ya fara. Da kan ya fita ya zare ƙusar ya ɗaga farantin. Rabin ɗan bakan ya zauna a wurinsa, ɗaya rabin ya faɗo masa a cinya.

Sai ɗaya daga cikin maharban ya ce, "Ashe tsohon can kashe mu ya so yi da masabarsa."

Baba ya ɗago kai. "Kada in ƙara jin wannan. Yayana ya yi abin da aka ce ya yi, kuma ɗaurinsa bai saki ba, kun ga wunin da na yi a kai. Ni na ga tsagar na yi shiru. Ba na son maganar aikin da ban gama ba, kun ga inda halin ya kai mu. Da na buɗe baki na ce ga abin da na gani, da ya jira."

Maigidana ya matso ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

"Riƙe mini nan," in ji Baba.

Ya sa shi ya riƙe farantin, ya nuna masa yadda sabon ɗan bakan ke zama, ya murɗa sabon zobe, ya zura tsinke ya lanƙwashe. Sannan ya ce ya zare da kansa ya buɗe ya mayar, har sau uku. Tun daga ranar Baba bai ƙara sallamar mai bindiga ba sai ya nuna masa cikinta, ya faɗa masa abin da ya gani da abin da ya sa mata, daga wace tukunya ya ɗauko, da dalili.

Washegari suka bar shi a sansani suka bi sawu. Ɓaunar ta zaga ta bayansu ta fito daga ciyawa. Kibiya biyu suka same ta ba ta ko waiwaya ba. Tsakaninta da maigidana bai fi daga zaurenmu zuwa maƙera ba lokacin da ya ja kunama. Ta faɗi ƙahonta yana taɓa ƙafarsa. Da suka koma sansani suna ta ba da labari, Baba bai tambayi girmanta ba. Bindigar ya karɓa ya duba tsinken.

A kan jakin mutanen Kazage aka dawo da shi. Wata guda bai taka ƙasa ba. Gwaggo tana gasa masa ƙafa tana yi masa faɗa, shi yana cewa ta rage zafin ruwan. Ni kuwa in na je rijiya mata sukan buɗa mini hanya, ana nuna ni ana cewa ga 'yar maƙerin. Ban taɓa jin daɗin wani suna kamar wannan ba.

Baba bai kai wa Baffa maganar ba, kuma ya hana a kai masa. Amma gari ɗaya ne, ya ji. Bai zo ba, bai aiko ba. Sai dai daga lokacin duk wanda ya kai masa bindiga yakan ce, "Ni fartanya nake yi. Kai wa ƙanena."

Gutsuren ɗan bakan nan da ya karye Baba bai jefar da shi ba. Yana ta juya shi a hannu wata da watanni, har ya ƙera wani abu daga irin ƙarfen: ɗan zobe yankakke mai karkace, wanda in an danne shi a ƙarƙashin babban zobe yake turowa sama. Ya yi aiki, maharba suka so shi. Amma ya hana Baba sukuni, domin bai san tukunyar da zai sa shi ba. Ƙanena ya ce ai matsi yake yi, na tukunyar farko ne. Baba ya ce to bakinsa da ke cizon zoben fa, wannan ba tare hanya ba ne? Yau ya jefa shi nan, bayan sati ya ɗauke ya mayar can. Shekaru suna wannan gardama. Gwaggo ta gaji da ji, ta kawo masa wata 'yar tukunyarta ta ce ga ta biyar, a huta. Ya mayar mata. Ya ce, "Tukunya ba ta da wuya. Abin da zan kira ta ne ban sani ba tukuna." Daga ƙarshe ya kafa ƙusa a bango tsakanin ta farko da ta biyu ya rataye shi. Yana nan a rataye. Bai yanke hukuncin ba.

Shekara biyu kafin rasuwarsa hannunsa ya fara rawa. Da kansa ya ajiye masaba, ba wanda ya ce ya ajiye. Yakan zauna a dakali kusa da tukwanen yana kallon ƙanena, in an miƙo masa aiki ya ce, "Ba shi. Hannunsa ya fi nawa yanzu." Daminar bana ya kwanta. Na dawo gida jinya, domin Gwaggo ita ma ƙarfinta ya ragu.

Kwana huɗu kafin ranar, da hantsi, maza duk suna gona wurin yankan dawa. Maigidana ya bar bindigarsa a maƙera don a duba masa kafin farautar rani. Baba ya ce a ɗauko masa ita da awartaki. Na kawo, na tayar da shi na jingina shi da bango. Ya zare tsinken da ƙyar, ya buɗe ya duba ciki, ya ce lafiya lau take. Da ya zo mayar da zoben sai awartakin ya riƙa suɓuce masa. Sau uku yana gwadawa.

Ya ce, "Zo nan. Kama."

Na ce, "Baba, ni mace ce."

"Awartakin bai sani ba. Kama."

Na kama. Ban taɓa riƙe kayan ƙira ba sai ranar. Na murɗa, ya ce ƙara. Na ƙara, ya ce ƙara kaɗan. Ina cikin murɗawa na ji zoben ya zauna, na ji wani ɗan nauyi a hannuna, sai na tsaya.

"Me ya sa kika tsaya? Ban ce ki tsaya ba."

"Na ji kamar in na ƙara zai ci zanensa."

Ya sa yatsa ya taɓa zoben. Sannan ya yi 'yar dariya har tari ya kama shi.

"Shekara biyu ƙanenki ya yi kafin hannunsa ya ji wannan. A ina kika koya?"

"Ɗakin Gwaggo bango ɗaya ne da maƙera, Baba. Duk abin da kake faɗa ana ji."

"Na sani," in ji shi. "Ni na ce a ba ta ɗakin. Sa tsinken."

Na zura tsinken na lanƙwashe, yana kallon hannuna har na gama.

Ya Allah, bawanKa ne, ya ci guminsa, bai saki aiki da sako-sako ga kowa ba. Ka yafe masa taurin kansa da shirunsa, Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka sanyaya masa fiye da yadda wutar maƙera ta gasa shi. Mu da ya bari, Ka ba mu ikon riƙe abin da muka ji daga gare shi. Amin.